Daga Sakandare Zuwa Jami'a: Yadda Zaɓen Darussa Ke Buɗe Ƙofa Ko Ya Rufe Ta

Duk shekara idan jami'o'in Najeriya suka fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbi, koke iri ɗaya ake ji a gidaje. Yaro ya ci maki 250 a JAMB, ga kiredit takwas a takardarsa ta WAEC, amma shiru, alhali ɗan maƙwabta mai 190 har ya fara haɗa kaya. Nan take sai a yanke hukunci cewa ai sai da hanya. Ba a musun akwai inda ake son kai. Amma idan aka baje takardun irin waɗannan yara a kan tebur, sau da yawa za a tarar matsalar ta girmi ranar fitar sunaye da shekara uku: tun ranar da aka raba su aji-aji a farkon babbar sakandare aka ɗaura ta.

Abu uku jami'a ke dubawa, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya: darussan da ɗalibi ya ci da kiredit a jarrabawar kammala sakandare, darussa huɗun da ya rubuta a jarrabawar JAMB, da sharuɗɗan kwas ɗin da ya nema a jami'ar da ya zaɓa. In ɗaya ya saɓa wa sauran, yawan maki ba ya ceto. Na'ura ce ma ke fara tacewa kafin idon mutum ya kai kan sunan.

Ranar da ake raba aji

Bayan jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, makarantu kan raba ɗalibai gida uku: 'yan kimiyya, 'yan adabi da zamantakewa waɗanda aka fi sani da 'yan at, sai 'yan kasuwanci. Wasu makarantun na da ɓangaren fasaha da sana'a. A Kano ma akwai makarantun kimiyya na musamman irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda aka kafa tun 1977, kuma sai an ci jarrabawa ake shiga.

A wannan rana yaro bai cika wuce shekara 14 ko 15 ba. Abin da ke kai shi wani aji bai cika wuce abu uku ba: inda abokinsa ya tafi, abin da mahaifi ya ce, ko tsoron malamin Lissafi. Ga kuma wata mummunar fahimta da ta zauna a makarantu da yawa, cewa masu ƙoƙari su ne 'yan kimiyya, ragowar kuma a tura su at. Wannan ya cuci ɓangarorin biyu. An cika ajin kimiyya da yaran da baiwarsu na wajen harshe da rubutu, suna ta fama da Fiziks shekara uku ba ci, an kuma sa 'yan at suna ganin kansu kamar saura, alhali daga cikinsu lauyoyi da alƙalai da 'yan jarida da malaman harshe ke fitowa.

Abin lura a nan shi ne hanyar ba ta da faɗi ɗaya ta kowane ɓangare. Ɗan kimiyya da ya haɗa da darasin Tattalin Arziki ko Labarin Ƙasa zai iya juyawa daga baya ya nemi kwas na zamantakewa ko gudanarwa. Ɗan at kuwa da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, babu yadda za a yi ya waiwayo likitanci ko injiniyanci sai ya koma ya koyi Fiziks da Kemistiri daga tushe ya sake jarrabawa. Shi ma ɗan kimiyya akwai ƙofar da ke rufe masa: in bai yi Adabin Turanci ba, karatun lauya zai yi masa wuya a akasarin jami'o'i. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa yaro ita ce, wane aiki kake hango wa kanka, kuma a wane darasi makinka ke fitowa ba tare da an matsa maka ba? Sannan a ɗauko littafin sharuɗɗa na JAMB, wanda ke kyauta a shafin hukumar, a duba abin da wannan kwas ke nema tun yaro yana aji huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abin da ba laifin yaro ba ne. Makaranta na iya kiran kanta ta kimiyya alhali babu malamin Fiziks, ko ɗakin gwajin nata kwalabe ne babu sinadari. Jarrabawar Fiziks da Kemistiri da Bayoloji kuwa kowacce na da takardar aikin hannu mai makinta daban. Yaron da bai taɓa riƙe bututun awo ya ɗiga asid har ruwa ya sauya launi ba, ranar jarrabawa zai fara gani, kuma a nan C ke komawa D. Uba ya taka da ƙafarsa ya ga ɗakin gwajin kafin ya amince.

Kiredit biyar, amma waɗanne?

Hukumomin da ake karɓar sakamakonsu su ne WAEC, da NECO, da NABTEB ta makarantun fasaha da kasuwanci, da NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci. Ɗalibi kan rubuta darussa takwas ko tara. A ma'aunin WAEC, A1 daga maki 75 ne zuwa sama, B2 daga 70, B3 daga 65, C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50. Waɗannan shida su ne kiredit. D7 da E8 an tsallake faɗuwa amma jami'a ba ta ƙirga su, F9 kuwa faɗuwa ce.

Ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sauran ukun ba kowane darasi ba ne, sai waɗanda suka shafi kwas ɗin. Ɗauki yarinyar da ke son aikin jinya. Ta samu B a Turanci, C a Lissafi, A a Hausa, A a Addinin Musulunci, B a Ilimin Zama Ɗan Ƙasa, B a Bayoloji, C a Kemistiri, A a darasin sana'a, sai D7 a Fiziks. A gida za a yi murna, kiredit takwas. A wurin jami'a kuwa huɗu gare ta, domin biyar ɗin da ake nema su ne Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Wannan D7 guda ɗaya ta rushe lissafin gaba ɗaya.

Zama biyu na nufin a haɗa sakamako biyu, ko WAEC da NECO, ko na makaranta da na 'yan waje wanda ake yi a ƙarshen shekara. An yarda da haka a mafi yawan kwasa-kwasai. Amma jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu a likitanci, wasu har da haɗa magunguna da lauya. Zama uku kuwa babu mai karɓa. Don haka wanda ya faɗi Fiziks kaɗai kuma likitanci yake so, kada ya mai da hankali kan Fiziks ɗin kawai a zama na biyu. Ya yi shirin cin duka biyar ɗin a takarda ɗaya.

Game da Lissafi, a watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sassauci ga masu neman kwasa-kwasan adabi, cewa kiredit a Lissafi ba zai zama sharaɗi a kansu ba, ko da yake kowa zai ci gaba da rubuta shi. Shawararmu ita ce kada ɗan at ya saki Lissafi saboda wannan. Duk ranar da ya so juyawa zuwa Tattalin Arziki ko Akanta ko Gudanar da Kasuwanci, ko ya nemi wani aikin, za a tambaye shi kiredit ɗin nan.

Ɗaliban makarantun Larabci da haddar Alƙur'ani su ma su kula. Ƙarfinsu a Larabci da Fiƙihu babban jari ne a kwasa-kwasan Larabci da Nazarin Addinin Musulunci da Shari'a, amma Turanci ne ke yawan tare musu hanya, a takardar kammalawa da kuma a JAMB.

Darussa huɗu na JAMB

An kafa hukumar JAMB a 1978. A 2010 aka haɗe jarrabawar masu neman jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin ilimi ta zama ɗaya, kuma tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, wanda dole ne ga kowa, sai 40-40 a sauran darussa uku. Kowane darasi maki 100, jimla 400. In ka raba, daƙiƙa 40 ke ga kowace tambaya. Yaron da bai saba da linzamin kwamfuta ba zai ƙone minti goma yana neman inda zai danna, shi ya sa jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske ta cancanci ɗan kuɗin da ake biya.

Zaɓen darussa ukun nan shi ne inda aka fi yin asara. Likitanci, haɗa magunguna, jinya da gwaje-gwajen asibiti duk Bayoloji da Kemistiri da Fiziks suke nema. Babu Lissafi a ciki, ko da yake ana neman kiredit ɗinsa a WAEC. Injiniyanci kuwa Lissafi da Fiziks da Kemistiri ne, babu Bayoloji. To ka ga wanda ya rubuta na likitanci, in makinsa bai kai ba ya ce bari ya koma injiniyanci, ba zai yiwu ba, domin bai rubuta Lissafi ba. Inda zai iya juyawa su ne kwasa-kwasai irin su Bayokemistiri, Nazarin Ƙananan Halittu, Nazarin Tsirrai ko na Dabbobi, da wasu fannonin noma. Kimiyyar Kwamfuta na son Lissafi da Fiziks da ƙarin darasi ɗaya. Tattalin Arziki da Akanta na son Lissafi da Tattalin Arziki da wani darasin zamantakewa, kuma nan ne 'yan kasuwanci da yawa ke faɗawa rami: su guje wa Lissafi su zaɓi Gwamnati da Kasuwanci da Tattalin Arziki, su ci maki mai kyau, sannan a ce musu haɗin bai dace ba. Lauya akasari na son Adabin Turanci da wasu biyu daga cikin irin su Gwamnati, Tarihi da darasin addini. Inda ake haɗa karatun lauya da Shari'ar Musulunci, akan nemi Larabci ko Addinin Musulunci.

Wannan shi ne tsarin gama-gari, amma kowace jami'a na da 'yan sharuɗɗanta da sassaucinta, an rubuta su a gefen kowane kwas cikin littafin sharuɗɗan. Abin da Jami'ar Bayero ta yarda da shi ba lallai ne Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Usmanu Danfodiyo ko ta Maiduguri ta yarda da shi ba. A karanta layin jami'ar da ake so, a bar dogaro da abin da yayan wani ya yi shekara biyar da suka wuce.

Kuma a sani, bayan an rubuta jarrabawa ana iya canza jami'a, ana iya canza kwas, ana biyan kuɗi a gyara. Darussan da aka riga aka rubuta su ne ba sa canzuwa.

Rajista da ƙananan kurakurai masu tsada

Tun 2021 babu rajistar JAMB sai da lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN. Ɗalibi zai tura lambar ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a turo masa lambar bayanansa, ya sayi fom da ita, sannan ya je cibiyar kwamfuta da hukumar ta amince da ita a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Suna da ranar haihuwa daga rumbun NIN ake janyo su kai tsaye. Idan a NIN an rubuta Muhammad Sani Abubakar, a WAEC kuma Sani Mohammed Garba, to an sayi wahala, domin a takarda mutum biyu ne. Mu Hausawa wannan ta fi cin mu, saboda yadda mutum ɗaya ke da sunan yanka da laƙabi da sunan gari, ga Muhammad da ake rubutawa iri huɗu ko biyar. A daidaita suna da ranar haihuwa tun yaro na aji biyar, kafin makaranta ta tura sunaye WAEC da NECO.

Layin wayar da aka yi rajista da shi ya zama na ɗalibin ko na gidansu, kuma a adana shi. Ta nan saƙonni ke zuwa, ta nan ake duba sakamako. Kada a yi da layin mai shagon intanet, kada kuma a bar masa kalmar sirri. Kafin a tashi daga gaban mai rajista, ɗalibi ya karanta abin da ke allon da idonsa: kwas, jami'a, darussa huɗu, jiha da ƙaramar hukuma. Ranar da layi ya yi tsawo, masu shigar da bayanai na sauri, kuma kuskurensu a kan ɗalibi yake ƙarewa.

Sai maganar shekaru. Bayan taƙaddamar da aka yi a 2024 kan mayar da shi 18, an tsaya a kan 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Iyayen da ke tsallakar da yara aji don a gama da wuri su yi wannan lissafin.

Me ya sa mai 190 ya samu, mai 250 bai samu ba

Makin da ake sanarwa bayan taron JAMB da shugabannin makarantu, kamar 150 da aka sa wa jami'o'i a 2025, ƙasan ƙasa ne kawai: ba a yarda jami'a ta ɗauki wanda bai kai shi ba. Bai ba kowa gurbi ba. Kowace jami'a na sa nata a sama da shi, kowane sashe kuma na da nasa gwargwadon yawan masu nema da yawan kujeru. Kujerun likitanci ma ba jami'a kaɗai ke yanke su ba, hukumar kula da likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta horar, haka ma lauya da jinya suna da masu sa musu iyaka. Shi ya sa 250 ke iya zama kaɗan a likitanci, 190 kuma ya wadatar a wani kwas na koyarwa ko noma. Yaran biyu ba a layi ɗaya suke ba tun farko.

Bayan JAMB, jami'a na yin nata tantancewar. Wasu na yin jarrabawa, wasu na duba takardu kawai su ba kowane sakamako maki. Wani tsari da ya yaɗu shi ne a raba makin JAMB da 8 ya zama kashi 50, sauran 50 ɗin su fito daga jarrabawar jami'a ko darajar kiredit ko duka biyun. A irin wannan lissafi mai 240 na da 30, mai 280 na da 35. Tazarar maki 40 ta koma 5 kacal, wadda A1 biyu ko uku a WAEC za su iya cikewa. Wato C6 da A1 duk kiredit ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda kuma bai yi rajistar tantancewar jami'a ba, ko da 300 ya ci, ya fitar da kansa.

Jami'o'in tarayya na raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla daga ko'ina a ƙasa, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, waɗanda akasarin jihohin Arewa na ciki. Jami'o'in jiha kuma 'yan jiharsu suke fifitawa. Don haka zaɓin farko ya zama inda ɗalibi ke da rabo a kaso biyu ko uku. Zaɓi na biyu kuwa, a gaskiya, manyan jami'o'i ba sa waiwayarsa, domin masu zaɓin farko ma sun yi musu yawa. Wanda ya ga makinsa bai kai na inda ya nema ba, ya yi canji da wuri kafin a rufe tantancewa.

Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta manhajar JAMB mai suna CAPS yake bi. Jami'a ta ba da suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga ya karɓa ko ya ƙi. Abu uku ke maƙale mutane a nan. Na farko, wanda ya yi rajista yana jiran sakamako, sakamakon ya fito amma bai koma cibiya an ɗora shi a shafinsa na JAMB ba. A idon manhajar ba shi da kiredit ko ɗaya, kuma ɗorawa a shafin jami'a ba ta wadatar. Na biyu, jami'a ta ga bai kai kwas ɗin da ya nema ba ta yi masa tayin wani, tayin na zaune yana jiran amincewarsa, shi kuma bai leƙa ba har wa'adi ya wuce. Na uku, an ba shi gurbin amma bai danna karɓa ba. Duk wanda ke jiran gurbi ya riƙa leƙa shafinsa aƙalla sau biyu a mako. Gurbin da aka bayar ta bayan fage kuwa, wanda bai bi ta CAPS ba, ranar tafiya bautar ƙasa ake gane illarsa, lokacin da za a nemi suna a rajistar JAMB a rasa.

In ba a samu ba a karon farko

Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi. Amma ƙofar ba ɗaya ba ce. Akwai IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, da takwaransa JUPEB: darussa uku cikin kusan shekara guda, wanda ya ci da kyau ya sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB ya fara daga aji biyu. Haka mai difiloma ta ƙasa ko takardar NCE ta kwalejin ilimi da sakamako mai kyau. Akwai makarantun share fage irin ta Funtuwa da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejin share fage ta Kano da aka fi sani da CAS. Sai dai duk waɗannan ba sa goge matsalar kiredit biyar, kuma darussan da aka yi a can dole su dace da kwas ɗin da za a nema. Guraben shiga kai tsaye ma sun fi kaɗan. A tabbatar cibiyar da za a biya wa kuɗi tana cikin jerin waɗanda aka amince da su, domin yanzu ana bin diddigin takardun har wurin da ya bayar da su.

Shekara uku ana maimaita JAMB saboda likitanci kaɗai, alhali makin na tsayawa a 210, asarar lokaci ce da ya kamata wani babba a gida ya faɗa wa yaro gaskiya a kanta.

Shekarar farko a jami'a

Samun gurbi rabin tafiya ne. A sakandare malami na rubuta darasi a allo, ya duba littafi, ya san wanda bai zo ba. A aji ɗaya na jami'a ɗalibai ɗaruruwa ne a zaure guda, musamman a darussan da duk 'yan kimiyya ke haɗuwa. Malami zai yi bayanin awa biyu ya fita, abin da aka koyar a zango guda na sakandare a gama shi cikin mako biyu. Wanda ya zauna a baya ko lasifika ba ya ji sosai. Ga komai da Turanci, babu malamin da zai tsaya ya maimaita da Hausa kamar yadda aka saba a makarantunmu da yawa. Nan ne wanda aka taimaka wa a ɗakin jarrabawar WAEC ke gane an cuce shi: takarda ta ce A1 a Lissafi, kai kuma babu komai.

Lissafin aji ɗaya na injiniyanci da kimiyya ya ginu ne a kan abin da ake koyarwa a darasin Ƙarin Lissafi na sakandare. JAMB ba ta jarraba shi, jami'o'i da yawa ba sa sa shi sharaɗi, shi ya sa ɗalibai ke gudunsa. Amma wanda ya yi shi yana shiga jami'a da tazarar zango guda a gaban 'yan ajinsa. Wanda bai yi ba, watannin zaman jiran gurbi su ne lokacin da zai nemi mai koya masa.

Yadda ake auna ƙoƙari ma daban ne. Kowane darasi na da nauyinsa, daga 1 zuwa 3 ko 4, ɗalibi kan ɗauki nauyin 15 zuwa 24 a zango. Maki 30 ko 40 na fitowa daga gwaji da aikin gida, sauran daga jarrabawa, kuma a ƙa'ida sai an halarci kashi 75 cikin ɗari na lacca ake shiga jarrabawa. A mafi yawan jami'o'i 70 zuwa sama A ce mai daraja 5, B daga 60 mai 4, C daga 50 mai 3, D daga 45 mai 2, E daga 40 mai 1, ƙasa da haka F, sifili. Ana ninka daraja da nauyi, a tara, a raba da jimlar nauyi.

Ga misali. Ɗalibi ya ɗauki Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kowanne nauyi 3, da Turanci mai nauyi 2, da aikin ɗakin gwaji mai nauyi 1, jimla 15. Ya samu C a Lissafi, 9 ke nan. B a Kemistiri da Bayoloji, 12 da 12. A a Turanci da aikin gwaji, 10 da 5. Ya faɗi Fiziks, sifili. Jimla 48, a raba da 15, ya tashi da 3.20. Da C ya samu a Fiziks ɗin nan, da 57 ne, wato 3.80. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50. Darasi ɗaya ya sauko da shi daga wani mataki zuwa na ƙasa. Kuma zai sake ɗaukar Fiziks ɗin baɗi a kan nauyin aji biyu, wataƙila lokacin laccarsa ya ci karo da wata, sifilin farko kuma a akasarin jami'o'i yana nan cikin lissafi ko bayan an ci. Darussan gama-gari da ɗalibai ke rainawa, irin su Turanci da nazarin al'adun Najeriya, su ma ba a ba da digiri sai an ci su.

Ga 'yan likitanci aji ɗaya siraɗi ne. A jami'o'i da yawa sai an ci kowane darasi na Fiziks da Kemistiri da Bayoloji da aƙalla 50 kafin a haye aji biyu, wanda ya gaza a mayar da shi wani sashe. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda aka ba kwas ɗin da bai so, wasu jami'o'in na ba da damar canza sashe bayan shekarar farko idan makinsa ya yi sama kuma akwai gurbi. Ko a nan za a sake buɗe fayil ɗinsa a duba kiredit ɗinsa na sakandare da darussan da ya rubuta a JAMB, in ba su dace da sabon sashen ba a mayar masa da fom ɗinsa. In kuma canjin ya tabbata, ya bi ta ofishin da ke kula da shigar ɗalibai a gyara kwas ɗin a rajistar JAMB tun yana aji biyu, domin abin da ke takardar digirinsa ya zo daidai da abin da hukumar bautar ƙasa za ta gani.